Yadin da Benedita Ta Yanka Gajere

Tun ƙarfe bakwai na safe dandalin da ke bakin tsohuwar masaƙar ulu ta Covilhã ya cika da ɗalibai da motocin kaya. Ranar ƙarshe ce ta gasar rumfunan yadi. Cikin zane sittin da ɗaliban zanen gini suka aiko daga ko'ina a Fotugal, shida aka zaɓa, aka ce kowace tawaga ta zo ta kafa tata da girmanta na gaske. Ƙarfe huɗu na yamma alƙalai za su zagaya, 'yan kwana-kwana na biye da su da tiyo. Duk rumfar da ta tara ruwa a bayanta ta fita daga gasa. Wadda ta ci kuwa za a bar ta nan tsaye shekara guda, tsofaffin unguwa su riƙa buga kartarsu a inuwarta.

Benedita Saraiva ta riga kowa isowa. Tun tana sauke kaya take waƙa, har abokin aikinta Gaspar ya tambaye ta ko an riga an raɗa mata sakamako ne. Su biyu ne kawai a tawagarsu, sai mahaifiyarta, Dona Graciete, wadda ta yi shekara ashirin da shida a wannan masaƙar kafin a rufe ta. Ita ta ɗinka musu yadin a kekenta na gida, ta kuma biyo su da kwandon abinci da kujerar ninkewa, ta ce sai ta ga inda ɗinkinta zai kwana.

Rumfar tasu mai kusurwa huɗu ce, biyu a sama kan turakan ƙarfe, biyu a ƙasa. Irin wannan rumfa ba katako ba rodi, ɗamewar yadin ce kaɗai ke riƙe ta. Shi ya sa kowane ɗalibi ya san ana yanka yadi ya ɗan gaza awon zane, don in an ja shi ya miƙe ya cike. Rigimar ita ce nawa za a rage. Takardar kamfanin da ya saƙa yadin ta ce ɗaya cikin ɗari, kuma malaminsu, Farfesa Valadares, ya ce kowa ya bi takarda.

Benedita ba ta bi ba. Ta yanko ƙyallaye ta rataya a barandar mahaifiyarta, ta ɗaura wa kowanne jarkar man zaitun cike da ruwa. Sati uku tana fita da sanyin safiya tana aunawa kafin ta kama hanyar makaranta, ruwa ya jiƙa su, rana ta busar. Ta ga ta wajen zaren tsaye takarda ta yi gaskiya, amma ta wajen zaren kwance yadin na ci gaba da miƙewa a hankali har ya kai huɗu cikin ɗari. Da ta kai wa farfesa littafin awonta, ya duba shafi ɗaya ya mayar mata, ya ce a gaban aji nan makarantar gini ce, ba shagon tela ba. Aji ya yi dariya. Ita kuwa ta koma gida ta shimfiɗa yadin ta yanka da lissafinta. Gaspar bai san komai ba, don shi aikin turaku da igiyoyin ƙarfe ya ɗauka.

Kafin ƙarfe sha ɗaya sun maƙala kusurwa uku. Da suka jawo ta huɗu zuwa ƙugiyarta da ke kafe a ƙasa, sai ta tsaya a hanya. Gaspar ya ja, ya sake ja, ya ɗauko tef ya auna. Saura santimita ashirin da huɗu.

"Injiniya," ya ce, "ko dai kin manta da wani yanki a gida?"

Ta ce masa babu abin da ta manta, haka ta yanka. Ta zayyana masa labarin jarkokin baranda cikin zumuɗi, tana yi tana nuna masa da hannu. Shi kuwa ya cire hularsa ya zauna a kan akwatin kayan aiki kamar wanda aka kawo wa saƙon rasuwa.

Ba a jima ba labari ya zagaya dandalin. 'Yan tawagar Lisbon da ke maƙwabtaka da su sun riga sun ɗame tasu, fara tas, suna ta ɗaukar hoto. Ɗaya daga cikinsu ya leƙo ya tambaya ko da ruwan zafi suka wanke ta. Wani ya ce in ba ta kai ba su kai wa teburin cin abinci, zai yi murna. Dona Graciete ta ɗago daga kujerarta ta ce masa ya fara gyara ƙafar wandonsa da ke sharar ƙasa kafin ya yi maganar awo.

Gaspar ya kawo shawara mai sauƙi: a tone ƙugiyar a matso da ita, minti ashirin an gama. Benedita ta ce in aka matso da ita yadin zai yi kyau na awa biyu, sannan ya saki, ruwan tiyo ya zauna a tsakiyarsa kamar a kwano. Za su ja shi ne ya zo da kansa. Ta ɗaura sarƙar ja tsakanin zoben yadin da ƙugiyar, ta gindaya masa doka: a danna mariƙi sau uku, a tsaya kwatan awa guda yadi ya huta, a zagaya sauran kusurwoyin a ɗan ƙara musu, sannan a dawo.

Ya ce, "Kin san ƙarfe nawa kuwa?"

Ta ce, "Na sani. Danna uku."

Haka suka shiga yi. Ranar watan Yuni ta buɗe sosai, ƙarfen mariƙin ya yi zafi. Danna ukun farko sai da suka haɗa ƙarfi su biyu, amma bayan kwata guda, da Gaspar ya sake taɓa sarƙar, ya ji ta yi laushi kamar ba a taɓa jan ta ba. Ya dubi Benedita, ita kuma ta ɗaga masa gira. Daga nan ya daina gunaguni, shi ne ma ya karɓe riƙon agogo. Sau ɗaya kawai zalama ta kama shi ya so ya ƙara danna ta huɗu, Dona Graciete ta make masa hannu da cokali, ta ce ba akuya yake ja kasuwa ba.

Da ƙarfe ɗaya, tazarar ta koma santimita sha shida. Suka ci burodi da cukun tumaki da 'ya'yan itacen ceri a tsaye, suna tofar da ƙwallayen cikin kwandon. Da ƙarfe biyu, ta koma santimita goma sha ɗaya. Tafin hannun Benedita ya yi bororo ya fashe, ta naɗe shi da ragowar yadi ta ci gaba. Yadin ya fara ɗaukar siffarsa, tsakiyar ta tashi ta lanƙwasa, tamojin gefe suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin unguwa suka bar kartarsu suka taso, kowane awo aka yi sai su maimaita lambar ga na baya.

Wajen ƙarfe uku, saura santimita biyar, Gaspar ya danna sai aka ji tas, tas, tas daga tsakiyar yadin. Ya saki mariƙin ya ja da baya. In babban ɗinkin ne ya buɗe, babu abin da za a iya yi kafin huɗu.

Dona Graciete ta tashi a hankali, ta sa tabarau, ta shiga ƙarƙashin rumfar. Ta miƙa hannu ta zaro wani jan zare ta nuna musu. Zaren ɗinkin wucin gadi ne da ta fara yi da hannu don riƙe yadin kafin ta hau keke, ta manta ba ta cire ba.

"Ke Dita," ta ce, "ɗinkina layi huɗu ne. Hannunki zai tsinke kafin shi. Ku ja."

Ana cikin haka Farfesa Valadares ya iso, rigarsa a kafaɗa. Ya zagaya rumfar, ya dubi tazarar da ta rage, ya yi magana ƙasa-ƙasa ba tare da gatse ba. Ya ce yana da doguwar maɗaura a mota, in sun sa ta za ta cike giɓin nan take, babu alƙalin da zai lura, kuma ya fi musu a kan a same su da kusurwa a sake. Gaspar ya dubi Benedita. Ita ma ta san gaskiya farfesan ya faɗa game da lokaci. Ta gode masa, ta ce zoben zai shiga ƙugiyar da aka zana masa.

Huɗu saura kwata, saura santimita ɗaya da rabi. Alƙalai sun riga sun fito daga ƙofar masaƙa, motar kwana-kwana na juyowa da baya. Ba su da kwatan hutu kuma, minti goma kawai ta ba yadin, tana tsaye da tafinta a kansa. Sannan suka kama mariƙin tare. Ɗaya. Biyu. A ta uku Gaspar ya sa gwiwa ya tura, zoben ya goge bakin ƙugiyar, ya zame, ya faɗa ciki. Benedita ta zura ƙusar da ke kulle zoben ta murɗa da yatsun da ba ta jin su. Tsofaffin suka ɗauki tafi, wata tsohuwa da Gaspar bai taɓa gani ba ta rungume shi.

Aka fara zuba ruwa daga rumfar farko. Biyu suka tsira. Ta 'yan Lisbon, wadda ta sha rana tun sha ɗaya ta saki, ta riƙe ruwan na ɗan lokaci, sannan cikinta ya fara saukowa kamar tumbin wanda ya ƙoshi, har sai da aka tokare shi da tsintsiya ruwan ya kwararo a kan takalman masu ita.

Da aka zo kansu, ɗan kwana-kwana ya buɗe tiyo gaba ɗaya. Ruwan ya daki yadin da ƙara kamar ganga, ya rabu biyu, ya gangara ta kusurwoyin ƙasa ya bi kwata. Minti uku ana zubawa. Da aka rufe, shugabar alƙalan, wata dattijuwar injiniya daga Porto, ta sa aka kawo tsani ta hau da kanta ta leƙa bayan rumfar. Ta sauko ta buga yadin da bayan yatsa ta saurara. Ta tambaya nawa suka rage a zaren kwance.

"Huɗu cikin ɗari," in ji Benedita.

Matar ta ce takardar kamfani ba haka ta ce ba. Benedita ta ce ta karanta takardar, sannan ta auna da kanta. Dattijuwar ta dube ta ta saman tabarau, ta dubi hannunta da ke naɗe, ta rubuta wani abu.

Ƙarfe biyar da rabi aka faɗi sakamako, aka kira sunanta da na Gaspar. Sauran tawagogi suka fara kwance igiyoyinsu suna loda motoci. Kafin Benedita ta dawo daga karɓar takardar shaida, tsofaffi huɗu sun riga sun jawo teburinsu ƙarƙashin rumfar suna raba karta, ƙasa ma ba ta gama bushewa ba.