Makwancin Jan-baki

"Ai 'yar gidan Jibo ta san inda suke kwana. Wadda ke ƙirga gashin idon tsuntsu daga nesa, makwancinsa ne zai ɓace mata?"

Haladu maƙwabcinsu ne ya faɗa a zaure cikin wasa, sauran manoman suka yi dariya. Naja'atu tana bayan katanga da kwanon fura a hannu, ta tsaya ta ji abin da babanta zai ce. Jibo ya yi gyaran murya.

"Ku bar yarinya da wasanta," in ji shi.

Shi ke nan, aka koma wata hirar. Amma ita maganar ta bi ta har ɗaki, ta kwana da ita, ta tashi da ita.

Kwana shida ke nan da jan-baki suka sauka a gonakin Ƙarfi, daidai lokacin da ƙwayar shinkafa ba ta yi tauri ba. Da sassafe suke tasowa kamar hayaƙi, su rufe gona, su tashi su bar buntu. Jibo ya ja igiyoyi daga kusurwa zuwa kusurwa, ya rataya gwangwanaye da ledoji, yana wuni yana jijjigawa yana ihu har muryarsa ta dishe. In ya kore su daga gabas, sai su sauka a yamma. Dabara ɗaya ta rage wa manoman, su gano inda tsuntsayen ke kwana su cinna wa wurin wuta bayan magariba. Fadamu uku ne a bayan dutse, man fetur ɗin da suka haɗa kuwa na fadama ɗaya ne kawai, kuma a wannan zamani ba mai son yamma ta same shi yana bin sahun tsuntsu a daji.

Madubin hangen nesan da Naja'atu ke kallon tsuntsaye da shi na Kawu Sanda ne, yayan mahaifiyarta Inna Hajo, tsohon malamin gona da ke zaune a Malumfashi. Da yanar ido ta fara rufe masa gani, sai ya miƙa wa Naja'atu shi, da ƙafafunsa uku da wata 'yar kyamara da ba ta wuce tafin hannu ba. Ya yanko guntun bututun ruwa ya yi wa bakin madubin wuya, yadda idon kyamarar zai zauna daram, a ɗaure da roba.

"Danna, ki janye hannu, ki riƙe numfashi," haka ya koya mata. "Daƙiƙa biyu take jira kafin ta ɗauka. Ko bugun zuciyarki ya taɓa ƙarfen nan, hoto ya lalace."

Kowane hoto yakan fito a cikin zobe, kewaye da baƙi. Abin da ke cikin zoben ras yake, har raɓar da ke kan fiffike. Abin da ke waje kuwa babu shi. Wannan ya yi wa Naja'atu daɗi, ita da tun tana sakandare in an kira sunanta a aji sai harshenta ya yi nauyi.

In ta kai wa babanta abinci gona, sai ta hau dutsen ta kafa madubin. Daga nan ta gano su a tsakiyar damina, can cikin doguwar ciyawar kacala ta fadamar gabas: gauraka biyu, da zankonsu mai ruwan zinariya, suna zagaya sheƙa. Da ta kai wa Kawu hoton, ya manna kyamarar a idonsa mai sauran gani.

"Rabona da gauraka a daji tun ba a haife ki ba," ya ce. "Kada ki faɗa wa kowa, 'yar nan. Ko Hajo."

Yanzu har sun ƙyanƙyashe 'ya'ya biyu, masu dogayen ƙafafu, ba su iya tashi ba tukuna.

Ranar da jan-baki suka fara zuwa, ta ɗan jima a kan dutsen har rana ta yi ja. Ta duba hoton ƙarshe ta ga ɗigo-ɗigo a bayan gaurakan. Ta zaci datti ne, ta goge gilashin da bakin hijabinta, ta sake ɗauka. Ɗigon ya ƙaru. Ta cire kyamarar ta sa ido. Jan-baki ne, dubbai, suna zubowa cikin kacalar kamar ana juye buhu.

Washegarin maganar Haladu ta ari wayar Inna ta shiga bayan rumbu ta kira Kawu.

"Kawu, in aka ƙona wurin, za a iya tsame 'ya'yan gaurakan tukuna?"

"Wa zai shiga kacala da man fetur yana neman 'ya'yan tsuntsu? Wuta ba ta tambayar suna."

"To shinkafar fa? In an ƙona…"

"Na ga inda aka ƙona aka huta. Na kuma ga inda aka ƙona, bayan kwana biyu wasu suka zo daga arewa." Ya numfasa. "Ban sani ba, Naja. Wallahi ban sani ba."

Sau uku ta ɗauki kyamarar ta nufi babanta. Na farko ta tarar yana salla. Na biyu Inna tana gasa masa kafaɗa da ruwan zafi, saboda jan igiya. Na uku ba abin da ya tare ta. Ya ɗago ya dube ta, idonsa jawur, ya ce da muryar da ta koma raɗa, "Naja'atu, akwai magana ne?"

"A kawo maka ruwa, Baba?"

"Kawo."

Ranar Laraba manoman suka bi shawarar Haladu, suka nufi fadamar yamma. Naja'atu ta tsaya a tsakar gida ta ga hayaƙi ya turnuƙe ta can, nesa da sheƙar. Wani sanyi ya sauka a ƙirjinta, kunya ta biyo bayansa nan take, har ta kasa cin tuwo.

Gari ya waye, jan-baki suka iso a kan lokacinsu.

"To jama'a," in ji Haladu a ƙofar masallaci, gefen gemunsa a babbake, "kwaɗi dai mun gasa. Wanda ke da yaji ya kawo."

Ba wanda ya yi dariya sosai.

Sai da tsuntsayen suka gama suka tafi don kansu. Gonar da amalanke kan yi wa sawu biyar, bana sawu ɗaya ya yi, bai ma cika ba. Inna Hajo ta ɗaga ƙwarya tana sheƙa, iska ta kwashe kusan duka. Ta dubi abin da ya rage a tabarma, ta ce, "Allah na nan," ta sake cika ƙwaryar.

Da la'asar ɗin ranar Jibo yana zaune a gindin rumbu, ya yafito 'yarsa.

"Zo nuna mini wasan nan naki. Duk damina ban gani ba."

Ta durƙusa a gefensa, ta kunna, ta nuna masa inda ake dannawa. Ya ga carki, ya ga zalɓe a bakin ruwa. Ya ga gaurakan, ya ga 'ya'yan tun suna ƙanana har ranar da babban ya buɗe fiffike ya ɗaga daga ƙasa.

"Ikon Allah," ya ce. "Muna yara har rawa suke yi a bayan gonarmu."

Ya danna baya, sai ga hoton mai ɗigo-ɗigo. Ya sa babban yatsansa ya goge gilashin sau ɗaya. Ya sake gogewa. Sai yatsan ya tsaya. Naja'atu ta riƙe numfashi kamar yadda Kawu ya koya mata. Jibo ya daɗe yana kallo, fuskarsa ba alamar mamaki. Ya danna ya wuce zuwa na gaba.

"Wannan kuma mene ne sunansa?"

Ba ta dubi hoton ba. Bayan hannunsa take kallo, inda igiya ta yanka, ya warke, ta sake yankawa.

"Baba," ta ce, "da na faɗa maka, da shinkafar ta tsira?"