Fentin Falo

"Tsaya! Wa ya ba ka wannan bokitin?"

Shekwolo mai fenti ya dakata a kan tsani, burushi na ɗiga. Lailatu ko jakar makaranta ba ta ajiye ba. Rabin bangon falon sabon gidansu na Dutsen Kura ya riga ya sha fenti, kuma ba wanda ta zaɓa ba ne.

"Madam, Oga ne ya kawo. Ya ce yayarsa Hajiya Mubina ta ce wannan ya fi."

Sati biyu ta yi tana gwada kala biyun a jikin bango, safe da yamma. Ruwan madara, wanda ake shafawa yanzu, yakan koma rawaya-rawaya da rana ta faɗo ta taga, kamar tsohon farin yadi. Ɗayan, mai ɗan duhun kunun gyaɗa, yana nan yadda yake. Shi ta zaɓa, ga bokitinsa can a lungu, ko buɗe shi ba a yi ba.

Alhassan ya shigo yana kaɗa makullin mota. Da ya ga fuskar matarsa sai ya yi dariyar yaƙe.

"Haba Maman Amir, a kan fenti? Ai duk fari ne. Ni wallahi ban ga bambanci ba."

"Tayil na zaɓa, yayarka ta canza. Ƙofar kicin, ta canza. Har inda za a sa murhu, ita da ba za ta taɓa girki a nan ba!" Ta juyo ta fuskance shi. "Baban Amir, idan duk ɗaya ne a wurinka, me ya hana a bar nawa?"

Ya mayar da makullin aljihu.

Ta cire gyale, ta janyo bokitinta, ta ɓalle murfin da cokalin magina.

"Shekwolo, sauko. Da wannan za ka bi ko'ina, har inda ka riga ka shafa. In ba za ka iya ba, miƙo burushin."

Mai fentin ya dubi maigidan. Maigidan ya dubi silin. Shekwolo ya sauko.

Bayan la'asar, an gama shafe falon duka da fentin Lailatu, Hajiya Mubina ta iso. Ta tsaya tsakiyar falo, ta ƙare wa bangon kallo, ta gyaɗa kai.

"Kun gani ko? Da an biye wa Lailatu, da yanzu ɗakin nan ya yi duhu. Dubi yadda ya fito!"

Lailatu ta kalli mijinta, tana jira.

"Ƙwarai kuwa, Yaya," in ji Alhassan.