Tayar da Kawu Ya Zaɓa

Surajo mai taya ya garo taya ta uku daga cikin shago, ya sake ta ta yi ɗan yawonta a gaban rumfa kafin ta kwanta kusa da 'yan'uwanta. Ya goge hannu a jikin wandonsa, wanda shi kansa bai fi tayar haske ba.

"To, ga su nan iri uku," in ji shi. "Wannan ta kwalta ce, irin wadda ke ƙafar motarka, sai dai ita ba ta suɗe ba. Wannan ta tsakiya ce, tana bin kwalta tana bin burji. Wannan kuwa," ya ɗora ƙafa a kan ta ƙarshe, "ba ruwanta da ladabi. Taɓo ne abincinta."

Usaini ya tsuguna yana kallon tayoyin, amma rabin hankalinsa yana kan bencin da ke bayansa, inda Kawu Dattijo ya zauna da sandarsa tsakanin gwiwoyi yana kallon masu keke-napep suna rigimar fasinja a bakin titin Kura.

Usaini direban akori-kura ne. Aikinsa da rani shi ne kwasar kwandunan tumatir daga gonakin da ke shan ruwan kanal zuwa kasuwar Kwanar Gafan. Amma motarsa ba ta taɓa shiga gona ba. Iyakarta hanyar burjin da ke bin gefen babban kanal. Daga nan zuwa cikin gonaki 'yar siririyar hanya ce wadda ba ta bushewa ko da rana ta fi haka zafi, domin kullum akwai wanda ya buɗe ruwa ya tafi shan shayi ya bar shi yana malala. Wannan guntun hanyar ita ce abincin Kawu Dattijo. Da amalankensa da bijimansa biyu yake fito da kwanduna daga bakin gona zuwa inda mota ke jira. Tun da ƙananan injinan huɗa suka cika karkara, wannan dakon ne kaɗai aikin da ya rage wa shanun.

Kawu yayan mahaifiyar Usaini ne, kuma a gidansa Usaini ya tashi bayan rasuwar mahaifinsa. A kan wannan amalanken ya fara koyon yadda ake jera kwando kada na sama ya danne na ƙasa.

Sai ga shi makon jiya Alhaji Ibrahimu, wanda ya fi kowa yawan tumatir a wannan layin, ya kira Usaini gefe. Ya ce ya gaji da asarar da yake yi wajen loda kaya sau biyu, a ɗora a amalanke, a sauke, a sake ɗorawa a mota, kafin a kai kasuwa rabin kwando ya zama miya. Akwai wani direba daga Bunkure mai tayoyin shiga taɓo, ya ce zai riƙa zuwa har bakin gona. Alhaji ya ce shi ya fi son Usaini, amma ya gyara ƙafar motarsa kafin ɗiba mai zuwa. Kuma kowa ya san halin manoman layin: abin da Alhaji ya yi yau, shi sauran za su yi jibi.

Usaini bai faɗa wa Kawu ba. Ya yi ta juya maganar a bakinsa, ta ƙi fitowa. Yau da safe ya lallaɓo zai wuce Kura shi kaɗai, sai ya tarar da tsohon a tsaye a bakin kanal, wai a rage masa hanya, zai sayo wa shanu dusa a injin shinkafa. Ga shi har yanzu bai nufi injin ba.

"Ita wannan ta tsakiyar," Usaini ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "za ta shiga hanyar gonakinmu?"

Surajo ya karkata kai. Mutum ne mai son ciniki, amma ba ya son a dawo masa da kaya ana zage-zage a gaban shago.

"Tsakani da Allah, ranar da hanya ta sha iska za ta shiga. Ranar da aka saki ruwa kuwa, za ta kai ka rabi ta ajiye ka."

Rabi. Usaini ya ji kalmar ta kwanta masa a rai. Idan mota ta tsaya a rabi, amalanke zai samu rabi. Zai ce wa Alhaji ya yi iya ƙoƙarinsa, ya ce wa Kawu hanya ce ta raba musu. Ya san dabarar ba ta da ƙafafu, amma mutum in ya rasa mafita har inuwar mafita yana so.

"Ita zan ɗauka," ya ce. "Guda biyu, na baya. Ka duba min masu kyau cikin na-hannun nan 'yan Baljiyam, ban da mai tsagewa a gefe."

"An gama."

Surajo ya juya zai shiga shago, sai sandar Kawu ta taɓa ƙasa.

"Dakata, yaro."

Tsohon ya miƙe a hankali, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya zo ya tsaya a kan tayoyin kamar yadda yake tsayawa a kan sa a kasuwar shanu. Ya zura yatsa cikin zanen ta tsakiyar, yatsan ya ƙi shiga. Ya matsa ga ta ƙarshen, mai manyan haƙora, ya zura yatsu biyu suka shige har da sauran wuri.

"Wannan lakar tamu mai danƙo ce," ya ce. "In ta shiga ƙaramin zane ba ta fita. Juyi biyu taya za ta yi ta koma sumul kamar tulu. Wannan mai faɗin ita ce za ta riƙa tofar da ita."

"Baba ya san hanya," in ji Surajo, yana murmushi.

"Kawu, wannan ƙara gare ta a kwalta," Usaini ya ce da sauri. "Kuma tana shan mai. Ga ta da saurin cinyewa in ana yawan hawa titi da ita. Ko ba haka ba, Surajo?"

Surajo ya dubi Usaini, ya dubi tsohon, ya ga alamar akwai wata magana a ƙarƙashin wannan wadda ba ta taya ba ce.

"Duk gaskiya ne," ya ce. "Bari in duba abin da ke ciki, ku yi shawara."

Da ya shige, Kawu ya zauna a kan tayar mai haƙora, ya ɗora haɓa a kan sandarsa.

"Usaini, kana tsammanin Alhaji Ibrahimu zai yi magana da kai bai yi da ni ba? Ni ya fara samu. Har gida ya zo, ya zauna a tabarmata, ya ba ni haƙuri. Mutumin kirki ne, tumatirinsa ne ke lalacewa."

Kunya ta rufe Usaini. Ya sunkuyar da kai yana wasa da wani tsohon bawul da ya tsinta a ƙasa.

"Na rasa yadda zan faɗa maka ne, Kawu."

"Na sani. Shi ya sa na biyo ka. Na san in na bar ka kai kaɗai, abin da za ka saya ke nan, wadda ba ta kai ka ba, ba ta bar ka ba. Ka kafe a tsakiyar hanya da kayan mutane, rana ta dafa su, Alhaji ya kira na Bunkure. Shi ke nan ni na rasa, kai ka rasa. Wa aka taimaka?"

"To kai fa?"

"Mota za ta shiga gonar nan bana, ko taka ko ta wani. Ni dai in za a wuce ni a hanya, na fi son in ɗaga kai in ga wanda na sani."

Bai faɗi wannan da ɗaci ba. Da irin muryar da yake cewa a ɗaure akuya kafin magariba ya faɗa. Wannan ne ma ya fi yi wa Usaini ciwo. Da faɗa aka yi masa, da ya samu abin riƙewa.

Surajo ya leƙo. "An daidaita?"

"Kawo masu haƙoran," in ji Kawu. "Ka fito da su da yawa in zaɓa."

Haka kuwa aka yi. Surajo ya fito da guda biyar, tsohon ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana matsa gefensu da babban yatsa, yana leƙa cikinsu ko akwai tsohon faci. Ya ture wata saboda ta ci gefe guda, ya ture wata saboda robarta ta bushe ta fara tsattsagewa. Surajo ya rantse cewa wannan tsagewar ta ado ce, Kawu ya ce to ya ajiye ta ya yi wa shagonsa ado. Aka yi ciniki, aka ja, aka saki, aka ɗaga mota a jak. Kafin azahar akori-kurar ta tsaya da sababbin ƙafafun baya, ta ɗan ɗaga ƙugu sama kamar mai shirin tafiya biki.

Suka yi salla a masallacin bakin titi, suka kama hanya. Da suka zo daidai injin shinkafa Usaini ya rage gudu.

"Dusar fa, Kawu?"

"Wuce kawai. Akwai saura a gida."

A kan kwalta tayoyin suka fara kukansu, wani gurnani mai tsawo da ke shigowa ta ƙarƙashin kujera. Kawu ya saurara, ya ce ai ko ba komai yanzu Khaulat, matar Usaini, za ta riƙa jin dawowar mijinta tun daga nesa, ta ɗora ruwan wanka. Usaini ya yi dariyar da bai shirya ba.

Suka sauka kan burji, suka bi gefen kanal. Ruwa ya cika shi fal, yara mata suna wanki a matakala, gonakin albasa da tumatir sun miƙe kore har inda ido ya tsaya. Da suka iso mashigar 'yar hanyar, inda ya saba tsayawa ya kashe mota ya jira, ƙafar Usaini ta tafi kan birki da kanta. Yau ma wani ya bar ruwa ya malala. Hanyar ta yi baƙi tana sheƙi, sawun amalanke biyu sun ratsa ta.

"Shiga mana," in ji Kawu. "Ka sa giya ta biyu, kada ka taka da ƙarfi. Ka bi hagu, dama akwai rami wajen bishiyar can."

Usaini ya shiga. Gaban motar ya nutsa kaɗan, bayan ya yi 'yar rawa, sai haƙoran suka kama. Yana jin laka tana dukan ƙarƙashin mota tana zubewa. Suka wuce ramin, suka wuce inda wata motar taki ta kwana biyu bara, suka fito har bakin gonar Alhaji Ibrahimu ba tare da sun tsaya ko sau ɗaya ba. Masu ban-ruwa suka ɗago daga cikin kunyoyi suna kallo, wani ya ɗaga hannu.

Daɗi ya kama Usaini, ba zai yi ƙarya ba. Motarsa ce ta yi wannan. Sai ya tuna wanda ke zaune kusa da shi, daɗin ya gushe.

"Ka gani?" in ji Kawu. "Mu ƙarasa gida ka sauke ni."

Gidan Kawu yana can bayan gonakin, 'yan ɗakuna ne da garke a gefen wata tsamiya. Mota ba ta taɓa zuwa wurin ba. Inna Binta, matar Kawu, ta fito da ludayi a hannu tana tambayar ko lafiya, da ta ga Usaini ne ta ce lallai yau sai ya ci tuwo kafin ya tafi, tunda ya kawo musu baƙuwa, wato motar, har tsakar gida.

Bijiman suna ɗaure a inuwa, fari da ja, suna tuƙa. Amalanken yana jingine a gefe, hannuwansa a ƙasa. Kawu ya wuce wurinsu kai tsaye, ya sosa wa jan tsakanin ƙaho, shi kuma ya miƙo wuya yana lumshe ido. Usaini ya tsaya a bayansa yana shirya magana. Zai ce zai riƙa ba shi wani abu duk ranar kasuwa. Zai ce akwai masu ƙananan gonaki can ciki da za su ci gaba da neman amalanke. Ya san tsohon ba zai karɓi ta farkon ba, ta biyun kuma su duka sun san ba ta kai abincin sa ɗaya ba.

Kawu ne ya riga shi.

"Ranar Juma'a kana da lodi?"

"Babu, sai Asabar za a fara ɗiba."

"To ka zo da sassafe. Dama ina ta tunanin yadda zan kora su har bakin titi in tsaya neman mota, ga jan nan ba ya son hayaniya. Yanzu kuwa ga mota har gindin turke." Ya ci gaba da sosa bijimin, bai juyo ba. "Kasuwar Wudil za mu kai su. Gara a sayar tun suna da tsoka a jikinsu."

Usaini ya dubi bijiman, ya dubi bayan motar.

"Ka zuba buntun shinkafa a bayan motar da yawa," in ji Kawu. "Ƙarfen yana da santsi, kada su zame a hanya. Ba su taɓa hawa mota ba."

"To, Kawu," in ji Usaini.

Daga cikin gida Inna Binta ta ƙwala kira cewa tuwo yana hucewa. Kawu ya ce masa ya shiga ya fara, shi zai ba shanun ruwa tukuna.