Haddar Bachir a Kan Kwali

Tun ranar da mudir, wato manajan kamfanin, ya sanar cewa za a tura ma'aikaci ɗaya Japan ya koyo gyaran sabon injin roba, Bachir bai ƙara zama wuri ɗaya ba. Shekara tara yana ɗaure kwalaye a wannan kamfani na Birnin Masana'antu na Biyu. Sharaɗin guda ne: Okabe, injiniyan da ya kawo injin, zai zaɓi wanda ya fi iya yi masa magana da Japananci.

Bachir ɗan Damagaram ne, hanyar karatu ɗaya ya sani, ta makarantar allo. Ya yanko kwali, ya jera ƙananan kalmomin da Japanawa ke liƙa wa aikatau a wutsiya, na nuna so, na korewa, na ladabi, har layi arba'in. A bas yana biyawa, a layin abinci yana biyawa, yana rangaji, shinkafa na hucewa.

"Alaramma, yaushe sauka? Mu nemi rago," in ji Idrisu, Bakanon da suke ɗaki ɗaya.

Da wasa ya ƙare, Idrisu ya gaya masa cewa Okabe shi kaɗai yake shan shayi kullum lokacin hutu, ya je ya gwada bakinsa. Bachir ya ce shi ba ya buɗe baki gaban babba da karatun da bai nuna ba. Kunya ya kira abin. Ba kunya ba ce, tsoron a yi masa dariya ne.

Ranar gwaji Okabe ya tambaye shi a hankali me yake so ya koya a Japan. Bachir ya gane tambayar sarai. Ya ma san amsar tana layi na goma sha bakwai. Amma hadda ba ta ciruwa daga tsakiya. Ya rufe ido, ya ɗauko daga farko. Yana layi na tara Okabe ya sunkuyar da kai, ya yi masa godiya.

Wani ɗan Nepal aka zaɓa, mai kalmomi talatin duk a karkace, wanda ya yi wata guda yana kai wa Okabe shayi.

Idrisu bai tsokane shi ba. Washegari da hutu Bachir ya zagaya injin sau uku, kwalin na aljihu. A na huɗu ya zuba shayi kofi biyu, ya nufi inda Okabe yake zaune.