Ranar da Ngatemi Ta Gama Biya

Warsiti tana cikin juya awara a mai ta ji Mas Priyadi ya ce, "Shi ke nan, Bu Ngatemi. Yau kin fita."

Ba ta ɗaga kai ba. Teburinta da na Ngatemi mai kayan miya a rumfa ɗaya suke, ko tari aka yi a can sai an ji a nan. Ta ji an buga hatimi a kan kati, sannan ta ji dariyar Ngatemi, wadda take yi tana rufe baki saboda giɓinta. Awara biyu suka ƙone kafin Warsiti ta tuna da su.

Mas Priyadi ma'aikacin bankin yawo ne, masu kawo rance a kan babur har cikin kasuwa, su riƙa dawowa kullum da safe suna karɓa. Rabin matan wannan kasuwa ta garin Klaten suna da katin bashi a jakarsa. A nan Mas ake ce wa namiji don girmamawa, mace a ce mata Bu, in kuma yaya ce a ce Mbak. Ita Warsiti ce ma ta kai Ngatemi wurinsa, shekara shida da suka wuce, lokacin da mijin Ngatemi ya faɗo daga saman gini ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu. Ƙauyensu ɗaya. Warsiti ta samo mata gefen rumfa, ta koya mata awo da ciniki, ta tsaya mata aka ba ta jari. A lokacin Ngatemi ko canji ba ta iya bayarwa sai ta lissafa da yatsu.

Yanzu ga shi Ngatemi ta fita, ita kuma Warsiti, wadda ta gama sakandare, tana da kati uku a wurin mutum uku.

Ba wai ta ci kuɗin a banza ba ne. Mijinta ya haƙa tafkin tarwaɗa da rance, kifin suka mutu a mako guda. Sai bikin ɗanta na fari ya zo, aka kafa rumfuna har kan titi, aka ɗauko mawaƙa, aka ciyar da mutum ɗari biyar. Har yau ana zancen bikin nan a unguwa, har yau kuma tana biyansa. Ita kuwa Ngatemi shekara uku ke nan da riga biyu. Ba ta shiga anko, ba ta shiga adashe, abincinta na rana shinkafa ce da ganyen da ya yi yaushi bai sayu ba. Warsiti ta sha yi mata dariya a gaban mata, tana cewa in Ngatemi ta mutu da ledojin kasuwa za a yi mata likkafani don kada a yi asara.

Ngatemi ta jawo kwando daga ƙarƙashin tebur. Ashe tun asuba ta dafa shinkafa mai kurkum ta sadaka, ta ƙunsa a ganyen ayaba, kowane ƙunshi da rabin ƙwai. Ta fara da Warsiti.

"Mbak War, naki da cikakken ƙwai ne," ta ce. "Ba don ke ba da ban zo nan ba."

Warsiti ta karɓa ta ce Allah ya sanya albarka, ta ajiye ƙunshin bayan galan ɗin mai. Matan layin suka taru, ana ta yi wa Ngatemi barka kamar wadda ta dawo daga Makka. Bu Rukmini mai busasshen kifi ta juyo da baki cike da shinkafa ta ce saura Mbak War, in ranarta ta zo sai an yanka akuya uku, kowane kati da tasa. Aka yi dariya. Warsiti ma ta yi, sannan ta ce ai wanda bai taɓa yin biki ba dole ya riga kowa gamawa. Dariyar ta ɗan rage. Ngatemi ta yi kamar ba ta ji ba, ta ci gaba da rabo.

Mas Priyadi ya zagayo wurinta daga ƙarshe. Ta ƙirga masa dubu talatin da biyar na ranar, yawancinsu daga cinikin safe suka fito. Ya ɗauki awara ɗaya da ɗanyen barkono ba tare da ya tambaya ba, ya tsuguna kusa da murhu, ya rage murya. Ya ce maigidansa bai ji daɗi ba, samun mai biya irin Ngatemi sai an tona, shekara shida ba ta taɓa ɓuya a banɗaki ba ranar da babu. Ya yi mata tayin sabon rance ta ƙi. Amma kowa ya san maganar mutum ɗaya take ji a duniyar nan, ta Warsiti.

"In ta karɓi miliyan uku kafin Juma'a, zan shafe miki biyan kwana goma, Bu," ya ce. "Ba ki cuce ta ba. Jari ne."

Warsiti ta ce masa ya tashi, hayaƙi zai shiga idonsa. Ya tashi yana murmushi. Bai ji ta ce a'a ba, ita ma ba ta ji kanta ta faɗa ba.

Kwana goma. Ta yi ta juya shi a ranta har azahar, tana sallamar masu saye. Da shi za ta iya toshe bakin mai kati na biyun, wanda ya fara zuwa gida yana tsayawa a ƙofa inda maƙwabta za su gan shi. Amma ba wannan ne ya fi jan hankalinta ba. Abin da ya fi yi mata daɗi shi ne ta hango babur ɗin nan gobe ya sake tsayawa a teburi biyu, ba nata kaɗai ba.

Bayan sun yi salla Ngatemi ta matso tana murza bakin ɗankwalinta. Ta ce tana so ta buɗe asusu a banki, na gaske, mai gini, amma tana tsoron takardu, kuma ba ta san ta wace ƙofa ake shiga ba. Ko Mbak za ta raka ta? Warsiti ta ji kamar ta ce tana da ciwon kai. Sai ta tuna Juma'a, ta kashe murhu, ta bar wa Bu Rukmini amanar teburan biyu.

A bankin sanyi ya buge su tun daga ƙofa. Ngatemi ta sunkuya za ta cire silifas, Warsiti ta zungure ta. Suka karɓi lamba suka zauna. Warsiti ce ta cike takardar, da rubutunta mai kyau wanda malamai suke nuna wa 'yan aji a da. Suna, sunan uwa, sana'a. Da aka zo kan adadin kuɗi, Ngatemi ta zaro ƙunshi daga cikin rigarta, tsofaffin takardu ɗaure da roba, suna warin albasa. Dubu ɗari huɗu. Ta ce tun bara take ɗan warewa a gefe, ko da tana biyan bashi, don kada ranar gamawa ta zo ta same ta hannu wofi.

Dubu ɗari huɗu ba komai ba ne. Warsiti ta kashe fiye da haka a kan kwalliyar amarya kaɗai. Amma da ta rubuta lambar sai ta tsaya tana kallonta. Duk kuɗin da ya bi ta hannunta a shekarun nan yana da mai shi tun kafin ya iso. Waɗannan kuwa, masu warin albasa, babu wanda zai zo da babur ya karɓe su.

Ma'aikaciyar, yarinya sa'ar surukarta, ta ƙirga kuɗin sau biyu ba ta yatsina fuska ba. Ta miƙo ɗan littafi shuɗi da hannu biyu, ta kira Ngatemi da cikakken suna, ta gode mata. Ita Warsiti ko kallonta ba a yi ba, sai da aka ce ta dawo da biro. Wayarta ta yi ta motsi a jaka, ta san ko waye, ta ƙyale shi.

Da suka fito zafi ya rufe su. Ngatemi ta ce yau dai sai sun sha shayi mai ƙanƙara, ita za ta biya. Suka zauna a benci kusa da inda ƙananan bas suke tsayawa. Ngatemi ta kasa ajiye littafin, ta buɗe ta rufe, ta shafa inda aka buga sunanta.

Nan Warsiti ta fara. Ta yi magana a hankali, da muryar da ta koya mata awo da ita. Ta ce ajiya abu ne mai kyau, amma kuɗi a banki kwance suke. Ta duba yawan alayyafo da kabejin da take zubarwa kowace yamma. Da firji ko ɗan ƙarami ne, da ƙarin tebur, da a wata shida ta ninka cinikinta. Ga 'yarta za ta shiga babbar sakandare baɗi. Yanzu da sunanta yake da tsabta, miliyan uku ba zai yi wuya ba. Tana magana tana jin yadda maganar take da ma'ana, har ta kusa yarda da kanta.

Ngatemi ta saurara har ƙarshe tana juya ƙanƙara da tsinke. Sannan ta ce, "Kwana nawa ya ce zai shafe miki, Mbak?"

Warsiti ta ajiye kofinta. Ta ce wane ne, me take nufi.

"Ni ma ya taɓa yi min," in ji Ngatemi, idonta a kan kofi. "Lokacin bikin ɗanki. Kin tuna kina ta shakka, ko a yi ƙarami ko a yi babba? Ni na ce miki ki karɓa, ɗan fari sau ɗaya yake aure. Watan nan ƙaramin nawa yana asibiti, na kasa biya kwana huɗu a jere. Sai ya zo min da maganar."

Warsiti ta tuna. A bakin famfo ne, suna wanke tire. Ta tuna har da yadda ta ji daɗi a ranar, cewa ko Ngatemi mai maƙo ta ga ya dace a yi babban biki.

Ta jira fushi ya zo, ya kuwa zo, amma da wani abu a tare da shi mai kama da sauƙi. Ashe tsarkakakkiyar nan ma da tabonta. Sai dai can ƙasan ranta ta san ko da Ngatemi ta rufe bakinta a ranar, da ta karɓi kuɗin nan. Ta riga ta yi wa mawaƙa magana tun kafin su je famfo.

"Kwana nawa ya ba ki a kaina?" ta tambaya.

"Takwas."

"Ke goma ya sa miki." Warsiti ta yi wata gajeriyar dariya. "Har a nan ma kin fi ni tsada."

Ngatemi ba ta yi dariya ba. Ta ce shekara biyu ke nan abin yana cin ta, duk safiyar da ta ga Warsiti tana ƙirga kuɗi sai ta ji kamar da hannunta a ciki. Ba ta buƙatar firji. Amma za ta karɓi miliyan ukun da sunanta, ta ba Warsiti ta rufe katin mutumin da yake zuwa gida, ita ta riƙa biya. Ta saba, wata huɗu ne kawai. Ta faɗi haka tana riƙe da littafin da hannu biyu, kuma Warsiti ta ga da gaske take, ta ga kuma yadda take tsoron a ce to.

Abu ne mai sauƙi. Kalma ɗaya, kati ɗaya ya mutu, kwana goma su tafi, gobe babur ya tsaya a teburi biyu. Warsiti ta hango kuma yadda labarin zai zaga kasuwa kafin Asabar, don babu abin da yake kwana a cikin Mas Priyadi. Ngatemi da ta fita ta sake komawa saboda Mbak War. Za a yi ta faɗa har a wurin karatun mata na ranar Lahadi, a yi ta girgiza kai ana cewa samun irinta sai a littafi.

"Sa littafinki a jaka kafin a fizge," ta ce. "Ba za ki gama biya ki kuma fi ni kirki duk a rana ɗaya ba."

Ngatemi ta buɗe baki, Warsiti ta ce ta rufe shi, maganar ta wuce, kuma kada ta ɗauka an yafe mata, sai an yi tunani tukuna. Bas ta tsaya. Warsiti ta riga ta shiga, ta ce wa direba waccan ce za ta biya na mutum biyu, ita ce mai banki.

Suka matsu tsakanin wani buhun gawayi da wata mata mai kaji. Bas ta wuce gada. Warsiti tana kallon gonakin shinkafa tana lissafi a ranta. Katin Mas Priyadi saura kwana sittin da ɗaya, in ba ta ƙara ba. Na biyun ya fi haka. Na ukun ba ta ma son tunawa.

Ba tare da ta juyo ba ta ce, "Wanda kike warewa a gefen nan. Da nawa kika fara?"

"Dubu biyu a rana, Mbak."

Warsiti ta taɓe baki, ta gyara zaman jakarta a cinya.

"Dubu biyu," ta ce. "Ni da uku zan fara."