Tebur a Bayan Motar Malam Audu

Duk wanda ya san Malam Audu mai gyaran injin ban-ruwa a Suleja, a tsugune ya san shi. Tun yana saurayi haka yake aiki: ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya kwance inji, ya jera notuka a gabansa, ba zai miƙe ba sai injin ya tashi. Wata safiya ya sunkuya zai gyara takalmi, sai ga mutum kwance ya kasa ko juyi. Aka yi masa aiki a ƙashin baya a wani asibiti a Abuja, likita kuma bai ɓoye masa komai ba. Ba tsuguno, ba sunkuyo, ba ɗaukar kaya, sallah ma a kujera. In ya kuskura wurin ya sake gocewa, to keken guragu ne.

Rashin sa'ar Audu, a gaban matarsa Rahama aka faɗi wannan magana. Rahama kuwa ba ta da hayaniya, amma in ta riƙe abu sai dai a haƙura. Suna isowa gida ta ɗauke makullin a-kori-kurarsa ta ƙulle a haɓar zani.

"Baban Nura, ni ban hana ka sana'a ba," in ji ta. "Ka nuna mini yadda za ka gyara inji a tsaye, ka karɓi abinka. In babu, yara sun ce a sayar da motar a buɗe maka shagon kayan masarufi."

Shago! Mutumin da ke gane ciwon inji tun daga tarinsa, a ce ya zauna yana miƙa wa yara magi da ashana. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ga rani ya shigo, manoman fadama sai kira suke, shi kuma sai ƙarya yake shirgawa, yau ya yi tafiya, gobe mota ta lalace. Ya fi son a ce masa maƙaryaci da a ji cewa bayansa ya gaza. Haushin duk a kan mutanen gida yake saukewa, har kaji sun san in ya fito su ba shi wuri.

Wata rana da hantsi yana tsaye a ƙofar gida, ya saukar da murfin bayan motar ya ɗora kofin kunu a kai. Murfin nan duk tudu da kwari ne kamar kwanon rufi, sai kofin ya karkace, kunu ya malale. Ya buɗe baki zai yi masifa, sai ya tsaya. Ya dubi murfin, ya dubi ƙugunsa, ya ga tsakaninsu bai wuce taƙi ɗaya ba. Da murfin nan sumul yake, ya ɗan ƙara tashi, ai tebur ne mai tafiya da ƙafafunsa.

Rahama ta saurare shi har ƙarshe, ta yafa mayafi ta ce, "Mu je." Makullin ma sai da ta shiga mota ta zauna sannan ta kwance masa.

Ikenna kafinta, a Madalla shagonsa yake, a bakin titi. Ya daɗe a garin nan, Hausa ta zauna masa a baki, sai dai harshe da ya ƙi lanƙwasuwa. Ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa murfin, ya sa Audu ya tsaya ya miƙa hannu kamar yana riƙe da sifana, ya auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannun.

"Oga, in na buga katako a kan ƙarfen nan kawai, za ka riƙa lanƙwasa wuya. Sai na sa masa ƙafa a ƙasa ya tashi."

"Kai dai buga mini falle ɗaya mu tafi, ba gadon amarya na ce ka yi ba."

"Yi yadda ka ce, Ikenna," in ji Rahama daga kan benci, ba ta ko ɗago kai ba.

Haka aka yi. Ikenna ya huda murfin, ya ɗaure guntayen katako masu kauri da noti, ya kwantar da faffaɗan katako a kansu, ya goge shi har hannu na santsi. Ya kewaye baki da siririn katako don kada ƙaramin noti ya gangara ya ɓace a ciyawa. Ya cire tsofaffin wayoyin da ke riƙe da murfin ya sa sarƙa. Da aka zo rufewa, murfin ya ƙi shiga, kaurin katakon ya tokare gefe. Audu ya fara cika yana batsewa, ya ce dama ya faɗa. Ikenna ya ɗauko zarto ya rage kusurwa biyu, ya tura, murfin ya rufe ƙyat. Audu ya buɗe, ya ɗora tafin hannu a kai, ya tsaya ƙyam ba ko ranƙwafawa. Ya ji wani sanyi ya ratsa shi, amma don kada a ga ya ji daɗi sai ya ce fentin motar ya ɗan karce.

Kiran farko da ya amsa na Baba Dogara ne, a fadamar Iku. Tsohon nan shi ya fara ba Audu inji ya gyara tun ba wanda ya yarda da hannunsa, shi ya riƙa tallarsa gona-gona. Yanzu ƙafafu sun ƙi, 'ya'yansa ke noman, amma kullum sai an kai shi gindin mangwaro a bakin rafi an shimfiɗa masa tabarma. Injinsa ya mutu, alayyafo da tattasai sun fara langaɓewa. Rahama ta ce ƙafarta ƙafar Audu, da idonta za ta gani.

Suka isa, ya juya motar baya ya tsaya dab da inuwar. Rahama ta sauka ta durƙusa ta gaida tsohon, ta koma gaban mota ta zauna, ƙofa a buɗe. Sai a lokacin Audu ya ga abin da bai taɓa kawowa a ransa ba. Ga Baba a ƙasa kan tabarma, ga shi shi kuma tsaye a kansa ƙerere. Shekara da shekaru bai taɓa gaida tsohon nan ba sai a tsugune, kansa a ƙasa, kuma a nan gefensa yake kwance inji suna hira.

Ya cire takalmi, ya dunƙule hannu, ya ɗan kwantar da kai.

"Barka da hutawa, Baba. Mun same ku lafiya?"

Tsohon ya ɗaga kai ya dube shi tun daga ƙasa har sama. Ya amsa a taƙaice. 'Ya'yansa biyu suka kalli juna suka kau da kai. Audu ya ce su ɗora masa injin a kan tebur, suka ɗora. Ya ɗauki sifana ya fara kwance filogi, ya ba tsohon baya, wanda shi ma wani laifin ne.

"An ce mini ka yi tafiya Abuja," in ji Baba Dogara a hankali. "Ashe kuwa an samu ci gaba. Har da tebur. Ƙasar tamu ta yi datti ke nan."

Maganar ta soke shi. Kunya ta rufe shi. Ya ajiye sifanar, ya juyo. Zuciyarsa ta ce masa sau ɗaya ne, a hankali zai sauka, ya gaisa kamar ɗan mutane ya miƙe, wa zai mutu? Ya dafa gefen katakon, gwiwoyinsa suka fara lanƙwashewa. Ya ji wurin ɗinkin ya ja, wani abu ya tsarga masa har cinya.

"Baban Nura."

Ba ta ɗaga murya ba. Ya tsaya a haka, bai sauka ba bai miƙe ba. Rahama ta zo ta sake durƙusawa a gaban tsohon.

"Baba, ka yi haƙuri in sa baki. Ba tafiya ya yi ba, yanka shi aka yi a baya. Likita ya ce in ya tsuguna zai iya rasa ƙafafunsa. Shi ne yake jin nauyin faɗa, ya fi son a ce ya yi girman kai."

Audu ya so ƙasa ta tsage. Abin da ya yi ta ɓoyewa, ga shi an baje a bainar jama'a kamar shanyar barkono.

Baba Dogara ya ƙura masa ido. Can ya ja tsaki.

"Miƙe, sakarai. Miƙe na ce. Ni da ake ɗauka kamar buhun masara a kawo nan, ni za ka ɓoye wa ciwo? Da ka karye a gabana, da wane ido zan kalli yarinyar nan?" Ya juya ga 'ya'yansa. "Ku kuma kun tsaya kuna kallo. Ku matsar da injin gefe, ku ɗora ni can."

"A ina, Baba?"

"Kan teburin mana. Tunda shi ba zai sauko ba, ni sai in hau."

Suka naɗe tabarmar biyu suka shimfiɗa a gefen katakon, suka ciccibi tsohon suka ɗora. Sarƙa ta yi ƙara ta miƙe, katako ko gezau. Baba Dogara ya gyara zama, ya jingina da gefen mota, ƙafafunsa na reto. Yanzu kansa ya ɗara na Audu.

"To, gaishe ni da kyau."

Audu ya gaishe shi, tun daga kwana har gajiya har iyali. Tsohon ya amsa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi jiki, ya yi masa addu'a. Audu ya sauke ajiyar zuciya. Wallahi ji ya yi kamar an sauke masa dutsen niƙa daga ka.

Daga nan aiki ya koma aiki. Ya kwance kabureta ya jera kayanta a kan katakon, wani ɗan noti ya gangara ya tsaya a bakin da Ikenna ya kewaye. Datti ne ya toshe hanyar mai. Ya wanke, ya hura, ya mayar, tsohon na gefe yana ba shi labarin wanda ya mutu da wanda ya aurar, yana kuma koya masa aikin da shi tsohon bai iya ba, kamar kullum. Samarin suka sauke injin suka kai bakin rafi, babban ya ja igiya. Ja na biyu ya tashi, ruwa ya cika tiyo ya fara malala cikin alayyafo.

"Akwai na Yusufu maƙwabcinmu, shi ma ya ƙi tashi," in ji Baba Dogara. "Ku je ku ɗauko. Ni dai ba na sauka yanzu, nan ya fi iska."

Audu ya saci kallon Rahama. Tana tsaye tana kakkaɓe zani, ta daɗe tana dubansa, shi da tsohon da teburin. Sai ta gyara mayafi.

"Zan shiga gari in dubo doya," ta ce. "In ka gama ka same ni a bakin hanya."

Ta bar masa makullin a jikin mota, ta bi ta kan kunyar gona ta tafi, ba ta waiwayo ba.