Birkin Habu da Saniyar Hinda

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

To, a zamanin Faransa, akwai wani direba a Magarya ana ce da shi Habu. Motar likitan dabbobi yake ja, wata 'yar jif mai rufin tanti, wadda ba ta san kwalta ba, sai rairayi da kututturen gero. Su ne ke bin rugage suna yi wa shanu allura.

Ran nan suna gangarowa tudun rijiyar Bande, Habu ya taka birki, mota ta yi masa kunnen uwar shegu. Ba ta tsaya ba sai da ta karya ƙafar wata karsana, dole aka sa mata wuƙa. Karsanar kuwa ta Yero ce, Bafillacen da ke kiwon shanun rabin garin. Cikin garkensa har da wata jar saniya ta Hinda matar Habu, wadda ta gada wajen uwarta, ita ke nan gare ta duk duniya.

Yero bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Cewa ya yi mota ba ta ƙara kusantar shanunsa. Ga shi annoba ta ɓullo daga wajen Dogo-Dogo, tana kayar da shanu. Likita ya ce a kira gardin kwamanda, dogaran nan masu jar hula, su tilasta wa Yero. Habu ya ce, "Ranka ya daɗe, in ya hango jar hula, kora zai yi ya tsallaka iyaka, can ne ma cutar ta fi."

Habu ya je ya durƙusa gaban Yero. Yero ya ce, "Ka gyara motar. Ran Juma'a zan ɗaure saniyar matarka a gindin tudun nan, inda tawa ta faɗi. Ka gangaro kamar yadda ka gangaro. In motar ta tsaya, ku yi allurarku."

Kun ji fa. In ya ƙi, cuta ta ci saniyar. In ya yarda birki ya ƙi, shi ya kashe ta da hannunsa.

Aka kwance ƙafafun mota a bakin maƙerar Tanko. Fatun birki sun cinye sarai. Tambur ɗin gaba kuma, wato kaskon ƙarfen nan da ke cikin ƙafa wanda fata ke kamawa, ya tsage. Daga Damagaram aka aiko da fatu iri biyu, mai tauri da mai taushi, amma tambur sai an jira jirgin ruwa daga Faransa, wata uku.

Habu ya ɗauki mai tauri. "Wannan sai ta shekara, Baba Tanko."

Tanko ya karɓa, ya kankara da farce. "Kai shekara kake nema, ko tsayawa? Ni ban san mota ba, amma na san dutsen niƙa. In tauri ya haɗu da tauri, ga rairayi a tsakani, sai santsi. Ɗauki mai taushin. Ta cinye da wuri ka canja, ai fata ba ta da uwa."

Saura tambur. Akwai wata mota irin tasu da ta mutu a Bande tun shekarun baya, mutanen gari suka rarrabe ta kamar naman layya. Tambur biyu suka rage a garin. Ɗaya yana rataye a bishiyar bedi ta lakwal, wato makarantar boko, shi ake bugawa yara su shiga aji, ya yi jawur da tsatsa. Ɗaya kuma Yakura, wata Babarbariya mai tuyar ƙosai, ta mai da shi murhu.

Da Yakura ta ji labari, ta juye garwashi, ta dirje nata da toka da yashi har yana ɗaukar ido, ta kawo a kai. "Ungo, ɗana. Don dai in ga Bafillacen nan ya ji kunya."

Zuciyar Habu ta kwanta da shi nan take. Wa zai ga mai ƙyalli ya ɗauki mai tsatsa? Har ya fara gwada shi a ƙafar mota.

Tanko ya ce, "Dakata. Rataye min shi."

Ya ɗauki 'yar guduma ya ƙwanƙwasa. Ƙarfe ya ce ƙwab, ya yi shiru, kamar an bugi tsohuwar ƙwarya.

"Shekara nawa yana shan wuta, Yakura?"

"Huɗu. Kuma bai taɓa ƙona min ƙosai ba!"

"Ƙosai ya tsira, shi ne bai tsira ba. Wuta safe, ruwa yamma, ya tsattsage ta inda ido ba ya gani."

Yakura ta murguɗa baki ta ce maƙera duk hassada ce ke cinsu, ta ɗauki abinta.

Suka tafi lakwal. Tanko ya bugi mai tsatsa, sai ya ɗauki kuka, tinnnn, har yara suka sheƙo daga gidajensu da tsakar rana. Mushen lakwal, wato malamin yaran, ya ce ba zai hana su ɗauka ba, amma da me zai kira yara? Tanko ya rataya masa tsohuwar garma. Suka wuni suna goge cikin tambur da dutsen wasa, har tsatsa ta fita, ƙarfe ya fito sumul, suka ɗaura shi a ƙafar mota da fata mai taushi.

Ran Juma'a da hantsi, garin duk yana bakin rijiya. Hinda ta zo amma ta juya baya, ta ja mayafi ta rufe fuska. Yero ya kafa turke ya ɗaure jar saniya.

Yakura ta ce, "Yero, in kana da zuciya ka tsaya kai a wurin mana!"

Yero ya ce, "Da ke zan ɗaure, Babarbariya, sai dai ina tausayin motar."

Habu ya yi bisimilla a kan tudu. Ya saki mota. Ta gangaro tana tsalle, saniya na ƙara girma a idonsa, har yana ganin ƙudan da ke kunnenta. Daidai inda birki ya ci amanarsa wancan karon, ya taka. Fata ta kama. Mota ta durƙusa da gaba kamar raƙumi, rairayi ya tashi, ta tsaya. Tsakaninta da saniya bai fi taku uku ba. Saniyar kuwa ko tuƙa ba ta fasa ba.

Yero ya zo ya auna wurin da sandarsa. Ya kwance saniyar, ya kai ta gaban likita da kansa. Da ita aka fara allurar.

Annoba ta zo ta wuce, garken Yero bai rasa ko ɗaya ba. Jar saniya ta haifi mace da damina, Habu da Hinda suka ba Yero 'yar maraƙar a madadin karsanarsa. Habu ya ci gaba da jan motar, yana canja fata sau biyu a shekara. Yakura ta mai da murhunta kan wuta, yaran lakwal kuma da garmar Tanko aka riƙa kiransu har suka girma.